Yamai ba don jinya ba

Mutumin Kurfai ba ya zuwa Yamai haka kawai. In ka ji an ce wane ya tafi babban birni, to, ɗayan uku ne: ko an kai mara lafiya babban asibiti, ko ana bin wata takarda da ta maƙale a ofis, ko kuwa cin rani ya ja shi bayan an kai hatsi rumbu. Kilomita wajen 180 ne tsakanin Filinge da Yamai, amma da yawa daga cikinmu iyakar saninsu da birnin shi ne tasha, da ƙofar asibiti, da zauren ɗan'uwan da ya sauke su. Mai ɗakina tana cikin waɗannan. Sau uku ta taɓa zuwa, duka ukun kuwa jinya ce ta kai ta.

Shi ya sa a hutun ƙarshen shekarar 2018 na ce mata ta shirya mu je mu ga gari. Da maƙwabta suka ji, tambayarsu ɗaya ce: "Wa ba ya lafiya?" Da muka ce lafiya lau, sai suka yi shiru, kamar mun ce za mu je kasuwa sayen iska.

Muka bi hanyar da ta ratsa Dallol Bosso, muka wuce Balleyara mai babbar kasuwar Lahadi, muka shiga Yamai da azahar. Washegari na fara aikina na tsohon malamin lakwal. A kan gadar Kenedi na gaya mata an buɗe ta a 1970, kuma kafin nan da jirgin ruwa ake ƙetare kogin Isa. A Babbar Kasuwa na ce gobara ta cinye ta a 1982, aka sāke gina ta aka buɗe a 1987, zamanin Seyni Kunce, ɗan Fandu, wato maƙwabcinmu. Tana saurare da ladabi, amma hankalinta yana kan mata masu wanki a bakin ruwa da farashin atamfa.

A gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, sai aiki ya juya. Mun ga zakuna da kuraye da dorina, mun ga ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa, mun ga gungumen itacen Tenere da mota ta kāda a 1973. Duk waɗannan ni ne mai bayani, domin ni ke karanta rubutun da ke jikin allo. Amma da muka iso wurin bukkokin gargajiya da kayan ɗaki, ita ta karɓi magana. Ta nuna ƙoren da ake jere da su a ɗakin amarya, ta bambanta ta fura da ta tatsar nono. Ta dubi wani faifai ta ce saƙarsa ba irin tamu ba ce, ta kuma faɗi dalili. Wasu ƴan makaranta da malaminsu suka tsaya suna saurarenta, har wata yarinya ta tambaye ta: "Inna, ke ma a nan kike aiki?" Ta yi dariya ta ce: "A'a, ƴata, a cikin irin waɗannan kaya aka haife ni."

Da muka zauna a inuwa, sai ta ce mini: "Malam, ashe abin da muka zubar a bayan gida shi ne ake biyan kuɗi a gani a nan." Gaskiya ta faɗa. Ƙoren jeren mahaifiyarta sun fashe ɗaya bayan ɗaya, roba da kwanonin silba suka maye gurbinsu, ba wanda ya yi tunanin ajiye ko da guda.

A nan inuwar kuma ta tuna da labarin da kakarta ke ba su na Shibo, matar nan ta Shikal. Masana tarihi sun rubuta shi: wajen 1925 bori na Babule, wanda wasu ke kira Hauka, ya ɓulla a ƙasar Kurfai, mabiyansa suna kwaikwayon sojoji da kwamandojin Nasara, suna ƙin bin umarnin sarki Gado Namalaya. Kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka tsare a birnin, tun ma kafin a ɗauko hedikwatar ƙasa daga Damagaram a 1926. Shi kansa ya zama iska a cikin borin, ana kiransa Kwamanda Mugu. Daga baya Babule suka bi ƴan cin rani har Ankara, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu da ya fito a 1955. Ni a littafin Faransanci na san wannan. Ita kuwa a bakin murhu ta ji shi, da sunayen ƙauyuka da na rijiyoyi, da abin da mata suka yi ranar da aka tafi da mutanen. Hanyar da muka biyo cikin mota don nishaɗi, ita ce wasu kakanninmu suka bi a ɗaure.

Ko mutum ya yarda da bori ko bai yarda ba, wannan tarihin ƙasarmu ne, kuma rabinsa yana cikin kawunan tsofaffin da ke ƙarewa. Ga shi kuma rashin tsaro ya tsananta a jihar Tillaberi, musamman tun harin Shinagodar na Janairun 2020. Ƙauyuka sun watse, mai gudun ransa kuwa ba ya ɗaukar ƙwarya da faifai, tsohuwar da ta rasu a gudun hijira ta tafi da labarinta.

A 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Abin farin ciki ne, sai dai harshe ba ya rayuwa da doka kaɗai. Sai an zuba masa abin da zai ɗauka. Don haka ina kira ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu na Filinge, da Shikal, da Tukunus, da Bonkuku. Kowane malami yana da salula mai ɗaukar murya: ya zauna da tsohuwa guda a unguwarsa, ya naɗi abin da ta sani, ya rubuta shi da Hausarmu ta Kurfai yadda ta faɗe shi. Kowace ƙungiya ta nemi ɗaki guda ta tara ƙwarya da turmi da garaya da tsohon sirdi, kowanne da sunansa da aikinsa. Wanda kuma Allah ya hore wa kuɗin mota, hanya kuma ta yi lafiya, ya kai iyalinsa su ga babban birninsu da ƙafafunsu, ba a kan gadon asibiti ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.