Famfon da ke cikin tumbina

Azumin bara a Baure gyambon ciki ya kwantar da ni, har na ajiye alƙalami. Kullum ina shan omeprazole bayan sahur, amma zafin ƙirji ya ƙi sakina.

Ƙanena mai karatun likita ya ce, "Yaya, a bangon tumbi akwai 'yan famfuna, ido ba ya ganinsu, su ke turo ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Maganin nan sai famfo na aiki yake toshe shi, abinci kuwa ke tada famfon. Ki sha minti 30 kafin sahur."

Na gwada. Goman ƙarshe ban sha azumi ko ɗaya ba.