Jirgin da ya ƙi tashi a Dawce

Wani ɗalibina na CM2 ya zo lakwal da jirgin sama na wasa, tsarabar yayansa daga Aljeriya. Rimot ɗin ya ƙi kamawa, yara suna ta dariya, wai gawa aka sayo masa.

"Mushe, ya mutu ko?" Idonsa taf da ƙwalla.

Na ce mu fara da pil. Ya sa sababbi huɗu daga kasuwar Matamaye, amma da na cire su sai ga farin gari a kan ƙarafan ciki: tsofaffin sun yi yoyo. Muka goge da lemun tsami, muka shanya. Na mayar, shiru. Ashe ni na juya ɗaya, wata yarinya ce ta gani. Jar fitila ta kama. Darasin lissafi kuwa sai washegari.