"Ku dawo ofis": wa zai biya kuɗin ƙetare gada?

Mai karatu ya saba tarar da ni a wannan shafi ina feɗe fim. To wannan watan zan ɗan ajiye wuƙar, saboda wata magana da ta daɗe ta na ci na, wato rigimar manyan kamfanoni da ma'aikatan su a kan umarnin nan na "ku dawo ofis". Wataƙila ka ce ina ruwan biri da gada? Ai kuwa gada ce tushen maganar, sai dai tawa ta kogin Kaduna ce.

Bari mu faro daga nesa. Da korona ta ɓarke a 2020, kamfanonin duniya su ka ce kowa ya ɗauki kwamfutar sa ya yi aiki daga gida. Da ƙura ta lafa sai su ka fara kiran mutane. A 2023 kamfanin Amazon ya ce a riƙa zuwa kwana uku a mako, har wasu ma'aikatan su ka fito zanga-zanga a birnin Siyatul a watan Mayu. A Satumbar 2024 shugaban kamfanin, Andy Jassy, ya mai da shi kwana biyar daga Janairun 2025. Bankin JPMorgan ya bi sahu a Maris na 2025. Abin dariya, hatta Zoom, wanda sana'ar sa ita ce haɗa taro daga nesa, sai da ya ce wa ma'aikatan sa na kusa su riƙa leƙowa ofis sau biyu a mako tun 2023.

Hujjar shugabannin ita ce ba a koyon aiki sai ana ganin juna. Ma'aikata kuma su ka ce ina shaida? Kuma su na da abin kamawa. A 2024 mujallar Nature ta buga binciken Farfesa Nicholas Bloom da abokan sa a kan ma'aikata sama da 1,600 na kamfanin Trip.com a Sin. Waɗanda aka bari su yi kwana biyu a gida aikin su bai ragu ba, sannan masu ajiye aiki a cikin su sun ragu da kashi ɗaya bisa uku.

Mu ma a Kaduna mun ɗanɗana. Bayan kullen 2020, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kawo tsarin kwana huɗu daga ranar 1 ga Disamba, 2021: Litinin zuwa Alhamis a ofis, takwas zuwa biyar, Juma'a kuma daga gida. Da Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai N200 ba ta haura N500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce N1,000. A lokacin jihohin Kwara da Edo su ka rage ranakun zuwa ofis zuwa uku. Ka ga kenan gwamnati da kan ta ta amsa cewa hanya ta na cin albashi.

Mu da ke zaune kudu da kogi mun fi kowa sanin wannan. Sakatariya, manyan rassan bankuna da ofisoshin kamfanoni galibi su na can tsallake, wajen Ahmadu Bello Way da Yakubu Gowon Way da Independence Way. Mutumin Sabon Tasha ko Unguwar Romi ko Gonin Gora sai ya haɗa ɗan acaɓa da bas, wani lokacin har da Keke Napep, kafin ya isa. Ga cunkoson Station da safe, ga na yamma.

Ina da aboki da mu ka yi difiloma tare, ya na aiki da wani babban kamfani da ba zan kama sunan sa ba. Aikin sa amsa koken abokan ciniki ta waya da kwamfuta. Shekara kusan biyu ya na yin sa daga ɗakin sa a Narayi, ba a taɓa cewa ya gaza ba. Rana ɗaya saƙo ya shigo: daga Litinin kowa ya dawo, kwana biyar. Ba a ƙara masa ko sisi ba. Ya ce da ni, "Aboki na, wallahi ba ofis na ke ƙi ba. Amma in na cire kuɗin mota da abincin rana, kamar na yi wa direbobi aikin mako guda ne a kowane wata. Kuma in na je, wayar nan dai zan ɗauka." Wannan shi ne ra'ayin da na fi ji a bakin ma'aikata: an yanke hukunci a sama, an bar wa na ƙasa biyan kuɗi.

Amma fa kada a ɗauka gida aljanna ce. Ni da ke rubutu daga gida na san zafin ta. A ɗauke wuta ka na tsakiyar kallon fim ɗin da za ka yi wa sharhi, data ta ƙare, janareton maƙwabci ya hana ka jin abin da jarumi ke faɗa. Mai ɗaki ɗaya da yara uku ina zai kafa tebur? Matar aure kuwa, da an gan ta a gida an ɗauka hutu ta ke yi, sai a ɗora mata girki da aike. Wata 'yar'uwa ta ta ce ita kam ta gwammace ofis ko don fanka da intanet na kyauta. Ga kuma sabon ɗauka, wanda ba shi da wanda zai leƙa wa kafaɗa ya ga yadda ake yi.

Akwai kuma wani dalili da Ba'amurke ba zai gane ba, wanda ya sa ni ba na son ofis ya mutu. Unguwannin mu aiki ne ya haife su. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, Arewa Textiles da UNTL su ka biyo baya, Fijo ta buɗe a 1975. Mahaifi na ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Ya kan ba mu labarin yadda in jiniya ta kaɗa, dubban mutane ke kwarara ta ƙofa ɗaya: Bahaushe, Bajju, Atyap, Tibi, Idoma, Bayarabe, Inyamuri. Da ƙafa ko keke su ke zuwa, don gidajen su na Kakuri da Makera da Nasarawa su na gab da wurin aiki. Ba wanda ya yi gardamar zuwa aiki, tunda zuwan bai ci masa komai ba sai gumi.

Sai rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwambar 2002 su ka zo su ka tsaga garin. Kiristoci da yawa su ka koma kudu, Musulmi da yawa su ka koma arewa, kogi ya zama iyaka. A tsakanin nan masaƙun su ka yi ta mutuwa: KTL a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Mu 'yan baya mun tashi a garin da yaro zai iya gama sakandare bai taɓa cin abinci a gidan wanda ba addinin su ɗaya ba. To ina ya rage mana mu haɗu? Kasuwa, makaranta, da wurin aiki. A ofis ne Musa na Rigasa da Moses na Television ke zama tebur ɗaya, su shiga adashi ɗaya, wannan ya je sunan ɗan wancan, wancan ya je jana'izar uban wannan. In kowa ya kulle kan sa a ɗaki da kwamfuta, wa zai ƙara ƙetare gadar nan?

Shi ya sa matsayi na ya ke haka: a dawo, amma mai kira ya ɗauki kason sa na nauyin. Ko ya sa motar ma'aikata ta bi ta Sabo da Barnawa da Kakuri, ko ya ƙara alawus na hanya daidai da farashin mai, ko ya raba mako, uku a ofis biyu a gida. Kuma ranar da aka zo ta zama ranar da ake buƙatar juna, taro ko horaswa ko aikin haɗin gwiwa. A tara mutane kowa ya toshe kunne ya na magana da allo, wannan asarar kuɗin mota ce kawai.

'Yan fim ya kamata su fi kowa fahimtar haka. Mafi yawan ɗaukar fim sai an haɗu a lokeshin, kuma furodusan kirki shi ke kai mutane ya ciyar da su. Edita kuwa a ɗakin sa ya ke aikin sa, ba mai tambayar sa ina ya zauna muddin ya kawo aiki mai kyau. Sannan mun ga yadda jama'a su ka bar silima su ka koma kaset, daga nan faifan CD, yanzu YouTube a waya. Ba dokar da ta iya dawo da ɗan kallo. In ya sayi tikiti, to ya ga abin da ya kai kuɗin sa ne.

Ma'aikaci ba shi da 'yancin ɗan kallo, musamman a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a N70,000 a 2024, kuma mutum ɗari na jiran kujerar sa. Zai dawo ko ya na so ko ba ya so. Amma wanda ya iso ofis a gajiye, aljihu wayam, ya na lissafin kuɗin komawa gida, jikin sa kawai ka samu. Masu kamfanoni, a duba wannan. Allah ya sa mu dace.