Kuɗin makaranta daban, kuɗin hanya daban

1/ Iyayen da ke zaune a cikin birnin Zariya amma yaranku na makarantar kuɗi a wajen gari, ku matso. Samari da 'yan mata masu shirin aure, ku ma ku matso, layin zai iso kanku. Zaren yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Ga wanda bai san Zariya ba, gari ne a warwatse. Akwai cikin gari, wato birni mai ganuwa da fadar Sarki. Akwai Tudun Wada. Akwai Sabon Gari da ya taso da zuwan jirgin ƙasa. Can gaba ga Samaru, inda ABU take tun 1962, sai Shika mai asibitin koyarwa. Gidajenmu na gado suna cikin gari, aikin albashi kuwa akasarinsa yana waje.

3/ Yawancin makarantun kuɗin da ake rububi sun bi masu albashin ne. Can waje akwai fili, akwai 'ya'yan malaman jami'a da ma'aikata. A cikin gari kuwa gida manne da gida, ina za ka samu filin wasa? Muna da namu makarantun, amma wadda hankalinmu ya kwanta da ita tana wajajen Palladan.

4/ Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina aikin safe, yamma da dare bi da bi. Abban yara ofishinsa na Sabon Gari. Muna zaune a gidan gado tare da Hajiya, mahaifiyarsa. 'Yarmu shekararta 7, tana aji biyu. Ƙaninta bai fara ba tukuna.

5/ Ga yadda safiyarmu take. Ƙarfe 5 na tashi na ɗora ruwa. Bayan Asuba a tashe ta, wanka, yunifom, koko da ƙosai a tsaitsaye. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka sai an taka zuwa bakin titi. In 6:30 ta yi ba ku fita Ƙofar Doka ba, to kun makara, ku fara haɗa haƙurin da za ku ba mai gadi.

6/ Daga Ƙofar Doka ku ratsa Tudun Wada, ku haye gadar Kubanni, ku faɗa PZ, ku miƙe Kwangila inda tireloli ke gogayya da masu keke, sannan Palladan. A taswira ba wani nisan kirki ba ne. A safiyar Litinin kuwa, kusan awa guda ce zuwa, kusan awa guda dawowa.

7/ Mu yi lissafi tare. Zango ɗaya kamar sati 13 ne, wato kwana 65. Awa 2 a hanya kullum, awa 130 ke nan. Zango uku, awa 390. Raba da 24: sama da kwana 16 cur, dare da rana, yarinya 'yar shekara 7 tana zaune a kan titi duk shekara. Wannan ba ya cikin takardar kuɗin makaranta.

8/ Da muna jurewa da tsohuwar motar Abban yara. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Albashi kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Ranar da muka zauna da biro da takarda, muka ga kuɗin man zango ya kusa kamo kuɗin makarantar kanta.

9/ Kuɗi ma da sauƙi, ana cin bashi, ana shiga adashe. Barci fa? Wa zai ranta maka? Lokacin hunturu, a Disamba da Janairu, ka tashi yaro cikin duhu da sanyin Zazzau, leɓe ya tsage, yana kuka kana shafa masa basilin. Da damina kuma lungu ya cika da ruwa, sai a goya ta zuwa titi don kada farar safa ta zama ja.

10/ Satin da nake aikin dare shi ya fi ci mini rai. In fita tana cin abincin dare, in dawo da safe ta riga ta tafi, ta dawo ni kuma ina ramuwar barci. Gida ɗaya muke, amma labarinta a bakin Hajiya nake ji.

11/ Sai batun Islamiyya. Kun san mu Zage-zagi, yaro ya rasa komai ban da karatun Alƙur'ani. Ana shiga ƙarfe 4, ita kuma sai kusan 3:30 take isowa gida a jigace. Malaminsu ya aiko cewa gyangyaɗi take yi a kan hadda, ƙawayenta sun wuce ta da surori.

12/ Hajiya, wadda ke kiranta kishiya, ta dube ni wata yamma ta ce, "'Yar nan, wannan kishiyar tawa boko take yi ko fatauci?" Muka yi dariya. Amma na kwana ina juya maganar.

13/ Kuma tana da hujja. A zamaninsu yaron cikin gari da ƙafa yake zuwa firamare, in ya girma ga Alhudahuda nan a Ƙofar Doka, makarantar da ta haura shekara ɗari. Ga Barewa can wajen Gaskiya, wadda ta yaye su Gowon da Murtala da Umaru 'Yar'aduwa. Duk na gwamnati ne. Yau ga mu muna tsallake firamaren unguwa saboda aji ya cika maƙil, malami ɗaya ba zai iya bin kowane yaro ba.

14/ Na san wasu za su ce, "To ku tashi ku koma Hanwa ko Samaru mana." Faɗa da baki. A nan ba ma biyan haya. Abban yara ne kaɗai ɗan Hajiya da ke gari, ga hawan jini, ita kuma ta ce daga ɗakinta sai kabari. Sannan wa zai riƙe mini ƙaramin in ina aikin dare? A cikin gari in na makara, gida biyar ne za su buɗe wa yarana ƙofa ba tare da na buga waya ba.

15/ Wasu kuma za su ce motar makaranta. Mun tambaya. Da yake mu ne mafi nisa, mu za a fara ɗauka, mu za a sauke a ƙarshe. Awa biyun ta koma uku ke nan.

16/ Ga abin da muka yi, ko zai amfani wani. Mun haɗu gida uku a unguwa masu yara a wannan layin, muka ɗauki mai keke ɗaya da wata. Ɗan unguwa ne, an san mahaifinsa, an san masallacin da yake sallah. Sharaɗi uku: yara huɗu kacal, ba ɗaukar fasinja a hanya, kuma kullum babba ɗaya daga cikinmu zai raka su da safe.

17/ Islamiyya muka mayar da ita ta Asabar da Lahadi. Bayan Magariba Hajiya na biya mata karatu a kan tabarma, kishiya da kishiya. Ƙarfe 8:30 an kashe fitila, ko da biki ake a gidan. Ni kuma na roƙi abokan aikina muka yi musayar kwanaki, Juma'a ta zama tawa: ni ke ɗauko ta, mu tsaya a Tudun Wada mu sha fura, ta ba ni labarin wanda malama ta sa ya ɗaga hannu.

18/ Ƙaninta kuwa mun yanke shawara: nazare a cikin gari zai yi, inda ƙafarsa za ta kai shi. Ɗan shekara 3 ba shi da abin nema a Kwangila da sassafe. Ita ma duk ƙarshen zango muna sake zama. Ranar da muka ga hanya na cinye abin da aji ke ba ta, za mu dawo da ita kusa, ko da za a ce mun gaza.

19/ Ku da ba ku kai nan ba: kafin ku sayi fom, ku tashi ranar Litinin 6:30, ku bi hanyar nan da abin hawan da yaron zai riƙa hawa, ku dawo da rana tsaka. Ku tambayi lokacin tashi. Ku tambayi kanku wa zai ɗauko shi ranar da ku biyun ba ku da hali. Kyan fenti da Turancin yaran makaranta su zo daga baya.

20/ Mutanen Ƙofar Gayan, Kuyambana, Kwarbai da Babban Dodo, ya kuke yi da naku? Na Kano da Katsina da ke cikin ganuwa, ku ma mu ji dabararku. Allah Ya raya mana su, Ya sa wahalar nan ta zama riba.