Maƙoshin injin Fijo

Gadon da mahaifinmu ya bar mana, bayan gonaki biyu da gidan Bazaga, shi ne wata tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo. Shekara da shekaru ita ce ke ɗaukar hatsi da albasa da marasa lafiya tsakanin ƙauyukanmu da Birnin Ƙonni, kuma da kuɗin da ta kawo aka saya mini littattafan lakwal har na zama malami. Bayan rasuwarsa inji ya buga, ta zauna gindin bedi shekara uku, kaji suna ƙwai cikinta. A babban hutun 2024 na yanke shawarar zuba abin da na tara na adashe domin a tayar da ita, ko ƙanena, wanda ya komo daga ci-rani hannu wofi, ya sami abin riƙon iyalinsa a gida.

Mun kai injin wurin wani dattijo mai garaji a Ƙonni, tsohon abokin mahaifinmu. Kayan gyara ba su yi wuya ba, domin kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 ya ci gaba da harhaɗa 504 har cikin shekarun 2000, alhali a Faransa an daina ƙera ƙaramar tun 1983. An sa sababbin fistan da zobbansu, an wanke kilas, wato kan inji, komai ya tafi daidai, sai da muka iso ga wani ƙarfe guda da ban taɓa sanin da shi ba. Masu garaji suna ce masa kolakter, daga Faransanci. Ni kuwa da na tambayi aikinsa, sai dattijon ya ce: "Mushe, maƙoshi ne. Karbirato shi ka dama fura, wannan shi ka kai ta ciki." Shekara ashirin ina koyar da fassara, ban taɓa jin wadda ta fi wannan ba.

Namu maƙoshin ya tsage, dole a sami wani, kuma uku ne a gabanmu. Na farko irin na da, mai ɗaukar karbirato mai baki ɗaya. Na biyu na ƙaramar 504 mai injin lita 2, wanda ke ɗaukar Solex mai baki biyu, ɗaya milimita 32, ɗaya 35. Na farkon ne ke aiki kullum, na biyun ba ya buɗewa sai an taka totur sosai. Na uku wani ne da ƙanena ya gano wurin ƴan kayan gyara a Sakkwato, an rarake cikinsa ya yi faɗi, da babban karbirato mai buɗe bakunansa biyu a tare. Shi ne ya shiga ransa.

Kada mai karatu ya ɗauka wauta ce zalla. A kan titin kwalta daga Ƙonni zuwa Tsarnawa da Malbaza, direban da ya riga isa kasuwa shi ke kwashe lodi, kuma samari suna auna darajar juna da wa ya wuce wa. Ban da wannan, wayarsa cike take da hotunan tseren Amurka, inda motoci biyu ke tashi a tare su cinye tazarar mita 402 cikin ƴan daƙiƙoƙi. Har ya tuna mini cewa 504 ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975, a hannun Ove Andersson. Ya ce: "Yaya, wannan mota jinin tsere gare ta, ku ne kuka mai da ita jaki."

Na koma na yi abin da malami ya iya, wato karatu. Na iske su ma Amurkawan da yake kallo wannan gardamar suke yi kan motar da ake so ta yi zirga-zirgar gari ranar aiki, ta yi tsere ranar hutu. Kamfanin Edelbrock, alal misali, yana rubuta iyakar kowane maƙoshi da yake sayarwa: Performer daga tsayuwar inji zuwa juyi 5.500 a minti, Performer RPM daga 1.500 zuwa 6.500, Victor Jr. kuwa daga 3.500 zuwa 8.000. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan hanya siririya ce mai ɗan tsawo, cakuɗar iska da mai tana gudu da sauri ko da inji na juyawa a hankali, man ya kasance a warwatse kamar raɓa, silinda ta cika, mota ta sami ƙarfin ja. Idan hanya ta yi faɗi, sai inji ya kai ƙololuwar juyi kafin ta yi amfani. Ƙasa da haka iskar ta yi sanyin jiki, man ya kwanta a bangon ƙarfe, inji ya riƙa shaƙewa yana shan mai a banza. Duk wanda ya taɓa matse bakin tiyo a fadamar albasa ya ga irin haka.

Na kawo wa ƙanena wannan bayani da lissafin mai, domin tun da Nijeriya ta janye tallafi a watan Mayu na 2023 kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta daina zama abin wasa. Sai ya fusata, ya ce ina yi masa magana kamar ɗan aji, don kawai kuɗin nawa ne. Maganar ta yi mini zafi, saboda akwai gaskiya cikinta. Kwana uku ba mu ci tuwo a kwano ɗaya ba, har mahaifiyarmu ta ce da ta san haka ne da an bar wa kaji motarsu.

Dattijon ne ya raba mu, ba da magana ba. Ya sa aka karɓo na Sakkwato bisa sharaɗin gwaji, ya ɗaura shi, ya ce mu hau. A kan kwalta, babu kaya, motar ta yi wani irin kuka da ban taɓa ji ba, itatuwa suna wucewa kamar ana jan su. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, har na kama kaina ina dariya. Daga nan ya ce mu loda buhu goma na hatsi mu nufi gida ta hanyar rairayi. A kwarin farko inji ya fara tari, ƙanena ya riƙa ƙona kulotci don ya riƙe shi, a na biyu ta mutu. Muka sauka muna turi cikin rana, wani mai amalanken jaki ya wuce mu yana yi mana sannu.

Da muka zauna inuwa, dattijon ya tambayi ƙanena: "Ɗana, cikin kwana bakwai, sa'a nawa kaka yi bisa kwalta babu kaya?" Ya yi shiru yana ƙirga, ya ce ba ta kai biyu ba. Ni na so a koma ga mai baki ɗaya, mai arha. Nan ma dattijon ya ƙi, ya ce mai ɗauke da mace mai naƙuda zuwa asibitin Galmi yana bukatar bakin nan na biyu lokacin da zai wuce babbar mota. Aka ɗaura na tsakiya, da sabon jiwan da matatar iska mai kyau, domin maƙoshin da ke yoyo ƙurar hunturu yake zuƙa, ita kuwa ta cinye zobba cikin ƴan watanni.

Yau motar tana aiki, adashena yana komowa kaɗan-kaɗan. Ƙanena bai share hoton wancan ƙarfen daga wayarsa ba, ni ma ban ce ya share ba. Ranar Laraba, idan ya sauke kaya a kasuwar Ƙonni ya ɗauko ni, akwai wani miƙaƙƙen wuri inda yakan dube ni ta gefen ido. Nakan yi kamar ina duba takardun ɗalibai, shi kuwa ya taka har baki na biyu ya buɗe.