Olney, Garin Da Aka Haifi Waƙar Tuban Mai Fataucin Bayi

Wanda ya bar birnin London ya nufi arewa maso yamma, in ya ci mil 50 da 'yan kai, zai iske wani ɗan gari a bakin kogin Great Ouse, ana ce da shi Olney. Tun daga nesa hasumiyar majami'ar garin ce ke fara yi wa baƙo maraba. A da, talakawan wurin da saƙar leshi suke ci. Yau kuwa abin da ke jawo baƙi daga ƙasashe masu nisa shi ne waƙar addinin Kirista da ake kira Amazing Grace, gama a nan aka tsara ta.

Mai waƙar, John Newton, an haife shi a London cikin 1725. Ya tashi ma'aikacin jirgin ruwa ne mai taurin kai. Har ya taɓa zama tamkar bawa a hannun wani ɗan kasuwa a wani tsibiri kusa da Saliyo. Cikin watan Maris na 1748 hadari ya rutsa da jirginsu a teku daura da ƙasar Ireland, ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, sai ya roƙi jinƙan Allah. Jirgin ya kai gaci da ƙyar.

Amma fa tubansa bai zo gaba ɗaya ba. Bayan wannan tsira ya ci gaba da jigilar bayi daga Afirka ta Yamma, har ya zama shugaban jirgi. Ciwo ne ya raba shi da teku a 1754. Shekara 10 bayan haka aka naɗa shi limamin majami'ar Olney.

Saboda wa'azin ranar 1 ga Janairu, 1773, ya tsara waƙar. Ya gina ta a kan addu'ar Sarki Dawuda da ke cikin Littafin Tarihi na Ɗaya, sura ta 17, inda sarkin ke mamakin yadda Allah ya ɗaukaka shi bai cancanta ba. Ma'anarta ke nan: alheri kyauta ne, ba ladan aikin mutum ba. An buga ta a 1779 cikin littafin waƙoƙin da ya haɗa da abokinsa William Cowper. Muryar da aka san ta da ita yanzu kuwa, a Amurka aka haɗa su cikin 1835, kuma jikokin bayi na can suka rungume ta.

Sai a 1788 Newton ya fito fili da wata ƙasida, ya tona mugunyar sana'ar da ya yi, ya goyi bayan William Wilberforce. Majalisar Ingila ta haramta cinikin bayi cikin Maris na 1807, shi kuma ya rasu a watan Disamba na wannan shekara.

Gidan Cowper da ke bakin kasuwar Olney ya zama gidan tarihi na mutanen biyu. Kabarin Newton kuwa yana harabar majami'ar, tun da aka ɗauko ƙasusuwansa daga London a 1893. Baƙon da ya fito daga Afirka, in ya tsaya a wurin, dole ya tuna da waɗanda aka ɗaure cikin jiragen mutumin nan, waɗanda ba su da kabarin da za a ziyarta.