Waƙar ƙarshe da ba ta san ita ce ta ƙarshe ba

Masoya Beatles suna da wata al'ada da ta daɗe tana ba ni sha'awa. Sukan ɗauki faifansu biyu na ƙarshe, Abbey Road da Let It Be, su yi ta laluben alamun rabuwa a ciki, kamar mai duba a ƙasa. A ce wannan waƙa ban kwana ce, waccan habaici ce, ga inda Paul ya hango abin da zai faru. Ni ma ina cikin masu sauraren faifan nan biyu, yawanci da dare, abin ji a kunne, ina rubuta manhaja. Sai dai sana'ata ta sa mini wani hali da ke hana ni yarda da wuri: kome aka nuna mini, sai na tambayi kwanan watansa.

Ga wanda bai san su ba, samari huɗu ne daga Liverpool ta Ingila: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Tsarinsu ya bambanta da wanda muka saba. A wurinmu akwai mai waƙa, akwai makaɗa da 'yan amshi, kuma in ɗan amshi ya yi fushi ya tafi, gobe a samo wani, sunan maigida na nan. Su kuwa huɗun abokan tarayya ne, a suna da a dukiya. In ɗaya ya zare jiki, rumfar ce ke rushewa. Ta kuwa rushe a bainar jama'a ranar 10 ga Afrilu 1970, da jaridu suka ɗauki maganar Paul cewa ba shi da shirin sake aiki da su.

A wurin aikinmu, idan manhaja ta faɗi, abu na farko da muke buɗewa shi ne rajistar da na'ura ke rubutawa da kanta, layi bayan layi, kowane da lokacinsa. Ka san ƙarfe nawa ta faɗi, sai ka riƙa karantawa kana komawa baya. A nan tarkon yake. Duk wani ɗan gargaɗi da ka gani kafin faɗuwar sai ya yi maka kama da mai laifi. Maganin wannan shi ne ka buɗe rajistar makon jiya, ranar da kome ya tafi lami lafiya. Sau da yawa za ka tarar da gargaɗin nan a can ma, yana ta maimaita kansa, ba wanda ya kula.

In aka yi wa Beatles haka, abin da ke fitowa yana da ban dariya. A 1965, lokacin da tauraronsu ke tsakiyar haskawa, sun fitar da "Help!", wadda John ya ce daga baya kukan gaske yake yi a cikinta. A shekarar dai suka fitar da "We Can Work It Out", waƙar mutum biyu da ke jayayya. A 1967 ga "Hello, Goodbye". Da a ce sun watse a ɗaya daga cikin shekarun nan, da yanzu waɗannan ne ake kira annabci. Waƙoƙin zamani yawancinsu a kan rabuwa da kewa suke, don haka duk ranar da ƙungiya ta mutu, ba za a rasa wasiyya a aljihunta ba.

Sai batun jeri. Let It Be ne ya fito a ƙarshe, a Mayun 1970, wata guda bayan labarin rabuwa, shi ya sa mutane suka ji shi kamar ta'aziyya. Amma mafi yawansa a Janairun 1969 aka ɗauka, kafin Abbey Road da ya fito a Satumban 1969. Waƙar da faifan ya ci sunanta, wadda ake ɗauka sallamawa ce ga ƙaddarar ƙungiya, Paul ya ce mafarkin mahaifiyarsa Mary ne ya haife ta, wadda ta rasu yana ɗan shekara 14. "Two of Us" kuwa, da John da Paul suka rera baki ɗaya, kowa na jin labarin abotarsu ne, alhali mai waƙar ya ce yawon mota da Linda ne, wadda ya aura a Maris na shekarar. (A nan dai ina tare da masu saurare. Marubuci ba shi ne shaidar ƙarshe a kan abin da ya rubuta ba.)

Wannan ba ya nufin babu alama. Akwai, amma waɗanda suka tabbata rahoton abin da ke faruwa ne a ranar, ba hangen gobe ba. Manajansu Brian Epstein ya mutu a Agustan 1967, kamfaninsu Apple yana zubar da kuɗi, uku suna so Allen Klein ya riƙe harkar, Paul yana son surukinsa Lee Eastman. A tsakiyar wannan rikici ya rubuta "You Never Give Me Your Money", kuma bai ɓoye cewa maganar kuɗin kamfani ce ba. George ya riga shi. Tun 1967 ya ɗauki "Only a Northern Song", yana ƙorafi a kan kamfanin da ke riƙe da haƙƙin waƙoƙinsa. A Janairun 1969 ya yi yaji na 'yan kwanaki, ranar da ya fita ya rubuta "Wah-Wah". A watan kuma ya kawo musu "All Things Must Pass", suka gwada, ba su sa ta a faifai ba. Waƙar da sunanta kawai ya isa a kira ta annabci, ita ce aka bari a ƙasa, sai da ya fitar da ita a faifansa na kansa a 1970.

Irin wannan na san shi sarai. Kafin ƙungiyar ma'aikata ta watse, ba kasafai ake jin ihu ba. Akwai wani da ke kawo shawara mai kyau, ana ce masa a bari sai zagaye na gaba, har ran da zai daina kawowa.

Wadda ta fi kama zuciya ita ce "The End", kusan ƙarshen Abbey Road. Ringo, wanda ba ya son kiɗan ganga shi kaɗai, ya yi a nan. Sannan Paul da George da John suka riƙa karɓa-karɓa da jita, kowa ɗan gajeren rabo, zagaye uku. In ka sa abin ji a kunne kana iya rarrabe hannun kowa: na John kaushi, na George santsi. Wa zai ji wannan ya ce ba sallama suke yi ba? Ranar 20 ga Agusta 1969 ita ce ta ƙarshe da su huɗun suka haɗu a situdiyo.

To amma akwai kaset na wani zama da aka yi ranar 8 ga Satumba 1969, wanda masanin tarihinsu Mark Lewisohn ya bayyana a 2019. Ringo yana asibiti, aka naɗa masa don ya ji. A ciki John ne da kansa ke tsara faifai na gaba: shi huɗu, Paul huɗu, George huɗu, Ringo biyu in yana so. Wato bayan an gama "The End" da makonni, ana rabon aikin gaba. Kafin watan ya ƙare, John ɗin nan ya gaya musu a ɓoye cewa ya bar ƙungiyar. Tsakanin maganar farko da ta biyu ba a cika mako biyu ba. Abin da na ɗauka shi ne su ma ba su sani ba. Mutum yana iya jin ƙarshe a jikinsa da safe, da yamma ya zauna yana lissafin shekara mai zuwa, kuma duka biyun gaskiyarsa ne.

Kuma "The End" ba ita ce ta rufe faifan ba. Akwai wata 'yar guntuwar waƙa ta Paul, "Her Majesty", mai daƙiƙa 23, da aka fara sakawa a tsakiyar jerin waƙoƙin gefe na biyu. Paul ya saurara, ya ce a yanke a zubar. Matashin injiniyan da ke aikin an koya masa kada ya yar da kome na Beatles, sai ya liƙa guntun a wutsiyar zaren kaset, bayan ɗan fili na shiru. Da aka yi faifan gwaji ta biyo, suka ji, suka ce a bar ta. Bangon bugun farko ko sunanta bai ɗauka ba. Shi ya sa har yau, bayan kiɗan sallamar nan ya lafa, sai shiru na 'yan daƙiƙu, sai wata ƙara ta faɗo, ragowar waƙar da aka yanko ta daga jikinta, sai Paul da jitarsa yana yi wa Sarauniyar Ingila barkwanci, kuma almakashin ya tafi da bugunta na ƙarshe.